Fiton da Kawunka Bai Ji Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana kuma autana, Kabiru.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka, da matarka Murja, da 'yar ƙaramar takwarata. Ina roƙon Ubangijin da ya shimfiɗa ƙasa ya sanya hanyoyi a cikinta ya miƙe muku taku hanyar, ya tsare gabanku da bayanku, ya sauke ku a Jos lafiya kamar yadda za ku tashi daga ƙasar Ɗanbatta lafiya, ya sa wa sabon aikinka albarka. Amin.

Bayan haka, za ka yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taka. Dalili shi ne na san halinmu ni da kai. In na buɗe baki, kafin in kai jimla ta uku za ka ce "To, Inna," da irin muryar da ake sallamar mai talla, ni kuma raina ya ɓaci, mu rabu ban faɗi abin da ya kamata ba. Takarda kuwa ba a katse ta. Makullin a-kori-kurar yana cikin wannan ambulan, kuma ban yarda ka ɗora ko da tabarma a bayanta ba, balle mace da goyo a gaba, sai ka karanta har ƙarshe. Motar nan tana da ciwo, ciwon kuma ya taɓa birki. Hanyar da za ku bi akwai hawa da gangaren dutse, ga kaya, ga iyali. Na san inda ciwon yake, zan kuma gaya maka, amma sai ka biyo ni ta hanyar da na bi na same shi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya, ban taɓa ba ɗaliba amsa ba tare da na nuna mata yadda aka kai gare ta ba. Gobe in motar ta sake yi maka a can, ba ni kusa.

Ka tuna, kwana goma da suka wuce ka ce silon motar ya hau: tana tsaye, ƙafarka ba ta kan totur, amma injin yana gurnani kamar ana korarsa. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar wake lokacin da ka faɗa. Murja ka faɗa wa, ba ni ba. Sai ka ɗauki hula ka ce bari ka kai wa Kawu ya saurara. Shekara ashirin da biyu motar nan tana hannuna, tun rasuwar mahaifinka, tun lokacin da mutanen ƙauyen nan ke fitowa kallon mace a bayan sitiyari. Da ita na kai gyaɗa kasuwa, da ita na kai ka makarantar kwana da akwatinka. Amma ka wuce ni kamar yadda ake wuce turmi, ka tafi wajen ƙanena Iro.

Zan rubuta abin da bakina bai taɓa furtawa ba. Ina kishin kawunka, kuma tun muna yara nake yi. Baba ya kai ni makaranta na yi karatu har na zama malama. Iro ya gudu daga aji huɗu ya liƙe wa kanikawan tasha. Wata rana injin niƙan unguwarmu ya ƙi aiki, Iro yana ɗan shekara goma sha biyu ya kara kunne a jikinsa ya nuna wurin da yatsa, aka buɗe aka ga haka ne. Baba ya shekara yana ba baƙi labarin nan. Ranar da na kawo masa takardar shaidata kuwa, ya dube ta ya ce Allah ya sa albarka, ya tura ta ƙarƙashin buzu. Tun daga nan aka raba mana gado tun Baba yana raye: ni takarda, shi kunne. Kowa a gidanmu ya san wanne ne ya fi daraja, kuma kai ma da ka tashi, can ka karkata. Duk kurakuran da zan lissafa maka, wannan kishin ne uwarsu.

Kafin su, ka riƙe ka'ida ɗaya. Inji numfashi yake yi. Yana zuƙar iska ta kafireto, shi kuma kafireto mai gadin ƙofa ne, yana auna iskar da ta shigo ya zuba mata mai daidai da ita. In ka ɗauke ƙafa daga totur, ƙofar tana kusan rufewa, injin kuwa bai daina zuƙa ba, saboda haka a bayan ƙofar ana samun ja mai ƙarfi. Daga wannan jan ne ƙananan tiyo-tiyon roba suke ɗiba, haka ma babban tiyon da ke tafiya zuwa baƙin tulun ƙarfen nan da ke bayan birki, wanda shi ne ke taya ƙafarka dannawa. Idan wani wuri ya tsage a bayan ƙofar, iska za ta shiga ba tare da mai gadi ya auna ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan silo ya hau, ko ya riƙa hawa da sauka, injin ya riƙa zafi, domin iska ta fi mai yawa.

Kuskurena na farko na yi shi a damina ta biyu bayan motar ta dawo hannuna. Silo ya hau. Na ɗauko littafin motar, wanda na karanta sau biyu har da ja masa layi da jan biro, na ga hoton ɗan sukurun da ke gefen kafireto, wanda ake rage silo da shi. Na sa sukudireba na sassauta shi, ƙarar ta kwanta, na rufe bonet ina jin babu kamata. Bayan mako biyu ya sake hawa, na sake sassautawa. Haka na yi ta yi har kaka ta shigo, motar tana zafi, tana shan ruwan lagireto, tana tari in na taka ta. Ban kai wa Iro ba, domin na riga na yi wa kaina alkawari ba za a ce matar marigayi ta kasa ba sai da ƙanenta ya tallafe ta. Ranar kasuwar Ɗanbatta, da buhunan gyaɗa a baya, ta mutu a tsakiyar titi gaban masu awaki, sai turo ta aka yi zuwa inuwar darbejiyar da Iro ke aiki.

Ya samu ya tashe ta da ƙyar. Ya ciro guntun tiyon da yake ratayawa a wuya, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ya zagaya da ɗayan a gindin kafireto. Bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba ya miƙe. Gasket ɗin da ke ƙarƙashin kafireto, ɗan faifan nan da ke toshe mahaɗarsa da inji, shi ne ya bushe ya yage. Ya kwance fulogi ya nuna mini, ya yi fari fat kamar alli, bawul guda kuma ya riga ya ƙone. A gaban direbobi da masu jiran mota ya ce, "Yaya Malama, ai mai zazzaɓi kika toshe wa baki don kada ya yi nishi." Suka yi dariya, har da wani dattijo da na koyar da 'ya'yansa uku.

Saboda haka, Auta, sukurun silo shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa. Sukuru ba ya juya kansa. Injin da ya shekara yana numfashi daidai, in ya wayi gari yana haki, wani abu ne ya canza, kuma aikinka shi ne ka nemo abin.

Kuskurena na biyu kishiyar na farko ne. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bayan shekara huɗu silo ya sake hawa, ban tsaya duba komai ba na yanke hukunci iska ce ke shiga. Na shiga mota har Kano, na sayo kowane tiyo sabo, na sayo gasket. Kwana biyu na yi a gindin motar ina cirewa ina sawa, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Na tashe ta, ta ci gaba da gurnaninta kamar ban yi komai ba. A ranar Iro ya zo yi mini barka da salla. Ya tsaya ya saurara, bai ko buɗe bonet ba. Ƙofar direba ya buɗe, ya sunkuya, ya zaro tsohuwar dardumar da na shimfiɗa a ƙasa don kada ƙafata ta kwashi zafi. Gefenta ne ya naɗe ya danne totur. Nan take injin ya kwanta. Iro ya miƙe. Ya ninke dardumar ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai kawo tsaraba. Da dariya ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Don haka ka fara da abin da ido ke gani. Ka bar injin ya yi ɗumi tukuna, domin injin da ya kwana yana iya ɗaga murya da safe, wannan ba ciwo ba ne. Ka duba ƙarƙashin ƙafarka. Ka duba wayar totur ko ta cije, da sifirin da ke mayar da ita ko ya saki: ka danna hannun kafireto da yatsa zuwa wurin tsayawarsa, in silo ya faɗi, to a nan matsalar take. Ka cire murfin matatar iska ka leƙa farantin cok, wanda ke rage iska in inji yana da sanyi, ya kamata ya buɗe gaba ɗaya in inji ya yi zafi. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sannan ka fara farautar iska. Ka yi amfani da tiyo a kunne kamar kawunka, ba zan hana ka abin da yake daidai ba don kawai nasa ne. Amma ka tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun ta ciki, domin fanka da bel ba su san ɗan kowa ba. In kunne bai ba ka ba, ka naɗe bakin filaya da tsumma, ka matse tiyo-tiyon ɗaya bayan ɗaya daga wajen gindinsu na jikin inji. Wanda ka matse silo ya sauka, to ɓarnar tana jikinsa ko tana cikin abin da yake kai wa.

Kuskurena na uku kana ganin shaidarsa kullum a wuyan hannuna na dama. Na ce maka tabon man suya ne. Ba shi ba ne. Na taɓa ganin Iro yana ɗiga fetur daga kwalba mai hudajjen murfi a kan mahaɗar bututun da ke kai iska cikin inji, inda duk iska ke shiga sai injin ya zuƙi man ya canza murya. Na ce a raina, abin da ɗan aji huɗu ya iya ba zai gagare ni ba. Na gwada a masussuka, inji da zafi, tarin harawar gyaɗa yana taku biyar daga motar. Ashe wata wayar fulogi ta tsage tana fitar da tartsatsi. Wuta ta tashi ta lashe gyalena ta kama hannuna. Matan da ke sussuka ne suka kashe ta da ƙasa, da ƙorai da hannuwa. Da ta kai ga harawar nan, da abincin dabbobin gida uku ya tafi a dalilin girman kaina. Ka yi amfani da ruwa, Auta. Ka huda murfin gora ka riƙa tsiyaya siriri a kan mahaɗa, kana kauce wa wayoyin wuta. In ruwan ya faɗa kan tsaga, injin zai yi tuntuɓe ka ji shi. Na gaya wa kawunka cewa rashin ƙonewarsa duk shekarun nan sa'a ce, ba ilimi ba. Ya ce ai sa'a ma in ta daɗe ilimi ce. Kada ka yi karatu a wannan makarantar tasa.

Ina jinyar hannun nan ne, ina zaune a ɗaki, na zuba turaren wuta a kasko don ya kori warin magani. Sai na ga hayaƙin yana zirarewa ta wata tsaga a jikin ƙyauren da ban taɓa sanin tana nan ba. Na daɗe ina kallonsa. Na ce, in iska tana shiga ta tsaga a ɓoye, to hayaƙi zai fita ta tsagar a bayyane. Da hannun ya warke, na samo gwangwanin madara mai murfi mai kamawa, na huda shi wuri biyu. Huda ɗaya na haɗa ta da famfon keke, ɗayar na sa mata dogon tiyo. Na bar injin a kashe har ya huce sarai, na toshe bakin kafireto da leda na ɗaure da roba, na cire ƙaramin tiyo guda na cusa nawa a gurbinsa. A cikin gwangwanin na sa garwashi ɗaya ƙarami da ɗan turare, na ajiye shi a ƙasa taku huɗu daga motar, domin na riga na koyi darasin wuta. Na riƙa danna famfon a hankali. Hayaƙi ya cika cikin bututun, can sai ga shi yana fitowa siriri kamar zare ta inda ba wanda zai yi zato. Inda ido bai kai ba kuwa, hanci yana kaiwa, saboda ƙamshin.

Ni na ƙirƙiro wannan. Ina so ka karanta jimlar nan sau biyu. Na ara wa Iro gwangwanin don wata motar da ta gagare shi, ya yi nasa irinsa. Yau daga Kazaure har Bichi direbobi suna cewa a kai mota a yi mata gwangwanin Iro. Na taɓa tuhumarsa, ya rantse ya gaya musu dabarar yayarsa ce har sau biyu, ba wanda ya yarda. Sau biyu, a shekara goma sha biyar. Kai kanka, kana aji uku na sakandare, ka dawo hutu ka same ni a kicin kana ba ni labarin dabarar Kawu ta turaren wuta, idonka yana ƙyalli. Na ce maka lallai Kawu gwani ne. Na bar tuwon a kan wuta na shiga ɗaki. Shawarar da ke cikin wannan ba ta inji ba ce: in ka yi abu mai kyau, ka faɗa da bakinka a lokacinsa, cikin ladabi. Ni na zaɓi in yi shiru in jira a gane, kuma shirun da aka yi don a gane ba haƙuri ba ne. Ruɓewa yake yi a ciki.

Yanzu ga kuskurena na huɗu, wanda ya fi duka muni, kuma a cikin kwana goman nan na yi shi.

Ranar da ka kai masa motar, tare kuka dawo. Kuka tsaya a ƙofar gida, ya sake buɗe bonet don ya ƙarasa aikinsa a gabana. Ina tsaye a bakin zaure. Ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan inji, ya sa sukudireba a sukurun silo, ya sassauta shi zagaye ɗaya da rabi, ina ƙirgawa. Ya dube ka ya ce, "Ka ji ta? Luf." Ka yi murmushi ka ce hannun Kawu daban ne. Ni kuwa daga inda nake tsaye ina jin wani siririn fito yana fitowa ta bayan injin, wajen direba. Mutumin da ya kunyata ni a kasuwa kan sukurun nan, ga shi yana aikata abin da ya hana ni.

Ya kamata in yi magana a take. Ban yi ba. Daɗi na ji, Auta, irin daɗin da na shekara hamsin ina jira. Na ce bari silon ya sake hawa, yaron nan ya rasa yadda zai yi, ya zo ya durƙusa ya tambaye ni. Na zauna ina jira kwana tara, kai kuma kana ta kai da kawo da motar, kana ɗaukar Murja da yarinyar zuwa sallama gidajen dangi. Ba ka tambaye ni ba. Sai jiya da safe, da na ga Murja tana ɗaure katifa da igiya, takwarata tana wasa da tayar gaba, hankalina ya dawo jikina. Na tambayi kaina, wace irin uwa ce ke ajiye ciwon mota a aljihu don ta ci gardama? Na nemi gafarar Allah, ina kuma neman taka.

Da kuka tafi gidan surukanka a ƙafa, na ɗauko gwangwanina. Hayaƙin ya fito daga babban tiyon tulun birki, ta ƙarƙashinsa, dab da jikin motar, inda ba a gani sai an sa madubi. Ɓera ne ya gaigaye shi. Tun kaka kake ajiye motar a gefen rumbun gero, na ga kashin ɓeraye a kan inji. Na yi maka magana a lokacin, ka ce "To, Inna." A can inda za ka, kada ka kwanar da ita kusa da wurin ajiyar hatsi.

Kada ka yarda da ni sai ka gwada. Inji a kashe, ka taka birki sau biyar har ya yi tauri, ka riƙe shi a danne, sannan ka tada motar. Lafiyayyen birki zai ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka. Namu da ƙyar ya motsa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu, da motar da ba kaya, ƙafar mai jini a jika ba za ta lura ba. A gangare kuwa, da kayan ɗaki cike da baya, in hudar nan ta ƙarasa yagewa, za ka taka ka ji kamar dutse ka taka.

Na so in canza shi da kaina, amma sanyin ƙashi ya hana yatsuna buɗe maɗaurin. Na sayo sabo, yana cikin jakar da ke rataye a bayan ƙyauren ɗakina. Mai kauri ne, irin na birki. Kada wani ya taɓa sa maka tiyon ruwa a wurin, domin ja zai tsotse shi ya manne. Akwai ɗan bawul ɗin roba a bakin tulun, wanda ke barin iska ta bi hanya ɗaya kawai, ka lura da yadda yake fuskanta, ka mayar da shi haka. In ka gama, injin zai nemi mutuwa a tsaye, kada ka tsorata. Sukurun da aka sassauta ne. Ka bar inji ya yi ɗumi, ka mayar da shi ciki zagaye ɗaya da rabi, ka daidaita da kunnenka. Sannan ka sake gwajin birki, ka zagaya filin makaranta sau biyu kana takawa, kafin a ɗora kaya. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Laifina ne da ya zama dole a fafe wannan.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ko bayan istigfarin nan, zuciyata ba ta gama ladabtuwa ba. Jiya da la'asar na yafa gyalena mai kyau na tafi gindin darbejiyar, na shirya jimlata tun daga gida, har da maganar mai zazzaɓi da zan mayar masa a gaban direbobinsa. Na same shi a sunkuye cikin wata mota. Na yi sallama daga bayansa, bai amsa ba. Na sake, na ɗaga murya. Na yi ta uku. Sai da inuwata ta faɗa kan injin sannan ya ɗago. Muna gaisawa na lura ba idona yake kallo ba, bakina yake kallo. Na ɗaga kai, sai ga guntun tiyonsa na sauraro rataye a reshe, rana ta cinye shi, har zanzaro ya yi gini a bakinsa.

Ya ce, "Yaya, motar yaron ta yi luf ko?"

Na ce ta yi luf.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ki gaya masa in ta yi masa gardama a can ya kira ni, ya kara wayar a jikin injin, in saurara masa."

Na ce zan gaya masa. Ga shi na gaya maka.

Ban san tun yaushe kunnen ya fara tafiya ba, ban kuma san ko akwai wanda ya sani ba. Da tafin hannu yake ji yanzu, tafin hannu kuwa yana jin girgiza amma ba ya jin fito. Da kunnen nan yake ci da iyalinsa, kuma ranar da tasha ta ji labari, ranar inuwar darbejiyar za ta zama ta awaki. Maganar asibiti tawa ce, ni zan san yadda zan ja shi can ko da faɗa, kamar yadda zan san yadda zan sa ya riƙa yi wa kowace mota hayaƙi kafin ya sallame ta, don kada abin da ya kusa samunka ya sami ɗan wani. Naka shi ne ka riƙe bakinka. Kada ka gaya wa Murja, kada ka gaya wa abokanka. In motar ta yi maka gardama a Jos, ka kira shi, ka kara masa wayar, ka saurari abin da zai faɗa, ka yi masa godiya. In kun gama, sai ka kira ni. Na san ko a nan shi ne na farko ni ce ta biyu, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa abin ya daina yi mini ciwo ba.

Ka yi aikin da zarar gari ya waye. Kawunka ya ce da hantsi zai zo ya raka ku bakin titi. Za ka tada motar, zai ɗora hannu a kan bonet, zai ji ta kwanta fiye da yadda ya bar ta, zai juya ya ce wa mutanen da suka taru su ga aikinsa. Ka ce masa, "Allah ya ƙara basira, Kawu," ka faɗa kana fuskantarsa, don ya ga bakinka. Ni zan kasance a bakin zaure, ba zan ce komai ba. Amma kada ka dube ni a lokacin, domin bakina kaɗai na yi maka alkawarinsa, ban yi maka alkawarin fuskata ba.

Allah ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya kare ku daga gaggawar wasu da gafalar kanku. Ya sa ku sauka a cikin mutanen kirki, ya raya mini takwarata, ya sanya natsuwa tsakaninka da matarka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Na ba Allah ajiyarku, Shi da ajiyarsa ba ta tozarta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifiyarka,
Malama Hajara